Ƙaryar Da Muka Haddace Muka Ci Jarrabawa Da Ita

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan kwamfuta da ke shirin miƙa taken furojet. Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Na kuma san zai ɓata wa wasu rai. Ku yi haƙuri, ni ma da ɓacin ran nake rubuta shi.

Shekaranjiya bayan Isha'i ina zaune wajen mai shayi kusa da shataletalen Kpakungu, na dawo daga Gidan Kwano a gajiye, sai ga wani ƙanina a karatu, ɗan ajin ƙarshe, tare da abokansa uku. Yaron nan wata biyu ke nan yana bina da wani tunani. So yake ya ƙirƙiri ɗan ƙaramin harshen kwamfuta da kalmomin Hausa, irin su "idan", "maimaita" da "rubuta", ya haɗa masa kwamfaila da zai mayar da shi baitkod, sannan ya rubuta ɗan injin da zai tafiyar da baitkod ɗin. Na ce masa, ina aka kwana? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na fasa."

Kafin in buɗe baki ɗaya daga cikin abokan ya karɓe zancen. Ya ce, "Oga, mu muka ba shi shawara. Harshen da yake son yi irin su Python ne, sikirif ne kawai, ko kwamfail ba a yi masa, wasan yara ne. In yana son a san ya iya, ya yi wani abu da C ko Java. In kuma yana son ya gama lafiya, ga na rabon ɗakunan hostal can a shagon buga takardu, babi na ɗaya zuwa na biyar, sunansa kawai zai sa." Suka yi dariya, shi ma ya yi ta dole.

A gajeriyar maganar nan akwai ƙarya guda da ragwanci guda. Ƙaryar ba shi ya ƙirƙire ta ba, dukkanmu muka haddace ta, har da ni. Da ita zan fara.

Wa ya manta tambayar nan da ke bin mu tun daga sakandare: kawo bambanci biyar tsakanin kwamfaila da intafireta? Sai ka ja layi a tsakiyar takarda. Hagu ka sa C da Java, ka ce ana fassara su gaba ɗaya kafin su yi aiki. Dama ka sa Python da PHP da JavaScript, ka ce su tafinta ne ke karanta su layi bayan layi yana aiwatarwa. Na rubuta haka, na ci makina cif, kuma na yi shekaru ina faɗa wa na ƙasa da ni. Ba wani malami ko wata makaranta nake zargi ba, amsa ce da ke yawo a handawut ko'ina a ƙasar nan, mu kuma muka karɓa ba mu taɓa gwadawa ba.

To gani ya kori ji. Duk mai Python a laftof ɗinsa ya buɗe sabon fayil. A layin farko ka sa ya buga "salamu alaikum". Ka rubuta duk abin da kake so a tsakiya, sannan a layin ƙarshe ka buɗe baka ka ƙi rufe ta. Yanzu kunna shi. Da gaske ne layi bayan layi yake bi, ai da sallamar ta fito kafin ya isa wajen kuskuren. Ba za ta fito ba. Zai nuna maka kuskuren layin ƙarshe ba tare da ya aiwatar da ko harafi ɗaya ba, domin sai ya karanta fayil ɗin duka ya fassara shi kafin ya fara aiki. Wannan fassarar ita ce aikin kwamfaila.

Sannan ka leƙa foldar furojet ɗinka. Ka san wata folda mai suna __pycache__ da ke fitowa da kanta, wadda muke gogewa kafin mu tura wa sufabaiza don kada ya ce mun yi ƙazanta? Fayilolin .pyc da ke cikinta su ne abin da kwamfailan Python ya fitar ya adana, don kada ya sake wahalar gobe. Shekara da shekaru muna goge hujjar da ke ƙaryata amsarmu da hannunmu.

In kana son ka ga abin da ke ciki, Python yana zuwa da wani kayan aiki mai suna dis. Ka ba shi fankshin ɗin da ke haɗa a da b. Zai nuna maka 'yan gajerun umarni: ɗauko a ka ɗora, ɗauko b ka ɗora a kansa, sauke biyun sama ka haɗa ka ɗora sakamakon, miƙa abin da ke sama. Sunayen umarnin suna ɗan canzawa gwargwadon Python ɗin da ke hannunka, amma tsarin ke nan, kamar mai wanke faranti da ke jera su ɗaya kan ɗaya, na saman kullum shi ake fara ɗauka. Waɗannan umarnin ake kira baitkod, saboda lambar kowane umarni bait ɗaya take ci, shi ya sa ba za su wuce 256 ba.

Furosesar da ke cikin laftof ɗinka ba ta san wannan yaren ba. Wanda ya san shi wata manhaja ce da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ita muke kira VM. Kada sunan ya tsorata ku. Zuciyarta zagaye ɗaya ne: ɗauko umarni na gaba, duba wane iri ne, aikata shi, koma farko. Ta Python tana cikin wani fayil mai suna ceval.c, a buɗe take a GitHub, kowa na iya karantawa kyauta.

Yanzu ku gaya min, me Java ke yi da ya bambanta da wannan? Kwamfailansa yana mayar da kod ɗinka baitkod a fayil ɗin .class, sannan JVM ta tafiyar da shi. Hanya ɗaya ce. Java yana sa ka ka danna da hannunka ka ga ana fassarawa, Python yana yi maka a ɓoye, sai muka ɗauka wanda bai yi hayaniya ba bai yi aiki ba. PHP ɗin da ake rubuta mana furojet ɗin hostal da shi ma haka yake, injinsa na Zend sai ya fassara kod zuwa nasa umarnin kafin ya motsa.

Akwai bambanci na gaske tsakanin harsunan nan, amma ba inda muka ja layin yake ba. Kuma in ka gane shi za ka ga abin da abokin nan ya kira wasan yara shi ya fi wuya.

A Java dole a san nau'in kowane bariyabul tun farko: wannan lamba ce, wancan rubutu ne. Kamar ɗan kasuwar da ya rubuta wa kowane buhu abin da ke ciki kafin a loda mota. Don haka kwamfaila in ya ga alamar tarawa ya riga ya san me zai tara. JVM tana da umarni daban na tara cikakkun lambobi, da wani daban na masu ɗigo, sai ya zaɓi wanda ya dace tun kafin a kunna. A Python da JavaScript da PHP buhunan ba rubutu. Bariyabul ɗin da ke riƙe da lamba yanzu, anjima yana iya riƙe suna. Kwamfaila ya ga a da b da alamar tarawa, bai san ko lissafi zai yi ko liƙa rubutu biyu ba. Sai an zo lokacin aiki a kwance bakin buhu a leƙa, kuma kowane zuwa sai an sake leƙawa. In zagayenka sau miliyan ne, leƙe miliyan ke nan. Nan nauyin da muke kuka da shi yake.

Ku gwada wannan ku sha mamaki: rubutun "2" a tara masa lamba 3. JavaScript zai ba ka "23". PHP zai ba ka 5. Python zai ƙi, ya ce ba ya haɗa rubutu da lamba. Layi ɗaya, amsa uku. Ba aljanu ba ne, mutane ne suka zauna suka yanke hukuncin abin da injinsu zai yi in ya kwance buhu ya tarar da kaya iri biyu. Irin hukuncin da yaron nan zai zauna ya yanke da kansa ke nan da an ƙyale shi.

Yadda aka rage wannan nauyin ma abin sha'awa ne, kuma mai shayin da muke zaune wajensa dabarar yake yi kullum. Ranar farko ya tambaye ni yadda nake sha. Ya ga kwana uku a jere abu ɗaya nake cewa, yanzu da ya hango ni yake fara haɗawa. Abin da kawai yake yi shi ne ya ɗaga kai ya tabbatar ni ne. Ran da wani ya zauna a wurina, sai ya koma tambaya. Haka injin ke yi: in ya lura a wannan gurbin kullum lambobi ake kawo masa, sai ya ajiye gajeriyar hanya ta lambobi, ya bar ɗan binciken tabbatarwa a bakin ƙofa, in aka kawo wani abu daban ya koma doguwar hanya. Peter Deutsch da Allan Schiffman sun bayyana wannan dabara tun 1984 a aikinsu kan harshen Smalltalk. Tana cikin abin da ya sa injin V8 da Google ya fitar tare da Chrome a 2008 ya ba JavaScript gudu. Python ma a fitowarsa ta 3.11 a 2022 ya shigo da irinta, umarnin tarawa yana rikiɗa ya zama na lambobi zalla in ya ga abin da ake yawan ba shi ke nan.

Kuma ku dubi irin mutanen da suka sha gumi a kan wannan matsala. A 1997 Jim Hugunin ya fara aikin ɗora Python a kan JVM, wanda daga baya aka sani da Jython. Wato ka ɗauki harshen da buhunansa ba rubutu ka kai shi tashar da aka gina don buhuna masu rubutu. Masu irin wannan aiki, har da masu ɗora Ruby a kan JVM, sun yi ta zagaye-zagaye, har sai da aka ƙara wa JVM ɗin kanta sabon umarni mai suna invokedynamic a Java 7 a 2011, don a bar hukuncin wane aiki za a kira sai lokacin aiki. Wannan Facebook ɗin da kuke karanta ni a kai da PHP aka fara gina shi. Da jama'a suka yi yawa, a 2010 suka fito da HipHop mai juya PHP zuwa C++. Bai biya musu buƙata ba, suka ajiye shi suka gina tasu VM ɗin mai suna HHVM, suka koma kanta a 2013. Kamfani mai wannan kuɗin ya zuba injiniyoyi shekaru a kan abin da wani ɗan ajin ƙarshe a Kpakungu ya yi wa dariya da kofin shayi a hannu.

Na san abin da za a ce a ƙasa, don an riga an faɗa min a daren: wannan aikin Turawa ne, su suke da kayan aiki, mu mu yi abin da ya dace da mu. To ku saurari labarin Lua.

Ba a Amurka aka yi Lua ba. A Burazil aka yi shi, a 1993, a wata jami'a da ke Riyo da ake kira PUC-Rio. Mutum uku suka yi shi: Roberto Ierusalimschy, Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes. Ƙasarsu ta yi shekaru tana takura shigo da kwamfuta da manhaja daga waje, daga 1977 zuwa 1992, don haka sayen na waje ba abu ne mai sauƙi ba. Rukuninsu yana yi wa Petrobras aiki, kamfanin man ƙasar, injiniyoyi suna buƙatar ɗan harshe mai sauƙi na shigar da bayanai da tsara rahoto. Suka zauna suka yi nasu. Harshe ne mai sassauci irin wanda yaron nan ke mafarki, ana fassara shi zuwa baitkod, VM ta tafiyar. A fitowarsa ta 5.1 umarnin injin gaba ɗaya 38 ne. Kod ɗinsa duka in za ka sauke bai kai rabin megabait ba, bidiyon barkwanci ɗaya da kake turawa a guruf ya fi shi cin data. Yau Lua yana cikin wasan World of Warcraft, Roblox a kan wani reshensa yake tafiya, Wikipedia ma da shi take sarrafa samfuran shafukanta. Ƙasa mai arzikin mai, mai fama da bashi da tsadar kaya a lokacin, mutum uku a jami'a. Me suke da shi a 1993 da laftof ɗinka na hannu bai ninka ba?

A nan gida ma wani matashi, Anuoluwapo Karounwi, ya yi Yorlang, harshen da ake rubuta kod da kalmomin Yarabanci. Bai jira an ba shi izini daga waje ba.

Gaskiyar da ba ma son ji ita ce, a duk fannonin kimiyya da ake karantawa a ƙasar nan, da wuya a sami wanda talaucinmu bai hana mu shi ba kamar wannan. Ɗan bayokemistiri in ba sinadari a lab ya tsaya. Ɗan injiniya in inji ya lalace sai ya zana a takarda. Mai rubuta kwamfaila ba ya buƙatar lab, ba ya buƙatar saba, ba ya ma buƙatar intanet bayan ya sauke kayan aikinsa. Tsohon laftof da cajin awa biyu ya isa aikin dare guda, ko da a shagon caji aka yi cajin, mu 'yan jihar Kainji da Shiroro. Littafin Robert Nystrom mai suna Crafting Interpreters yana intanet kyauta, rabinsa na biyu gaba ɗaya gina VM ne da harshen C, mataki bayan mataki. Uzurin kayan aiki a nan bai tsaya ba.

Saura maganar ragwanci, wadda ake yi wa ado da sunan wayo. Ana cewa, wa zai ɗauke ka aiki don ka rubuta kwamfaila? Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ce gobe za ku ga tallar neman marubucin kwamfaila a Minna ba. Amma ku ma ku amsa min, wa zai ɗauke ka don ka miƙa manhajar rabon hostal da wasu suka riga ka miƙawa, wadda ba ka san abin da ke layi na arba'in ɗinta ba? Irin wannan manhajar yanzu ChatGPT yana zubo ta kafin shayinka ya huce. Abin da ya rage mai daraja shi ne mutumin da in abu ya lalace ya san inda zai duba, wanda saƙon kuskure ba ya firgita shi, wanda zai iya buɗe kod ɗin da wani ya rubuta ya bi shi har gindi. Wanda ya taɓa gina harshe, ko ƙarami ne, ya daina kallon kwamfuta kamar boka. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma ranar intabiyu tana zuwa bayan ranar difens.

Ana kuma cewa zai yi wuya, yaro zai maƙale ya ƙara shekara. Wannan tsoron na fahimce shi, kuɗin makaranta da na haya ba wasa ba ne, kuma iyaye suna jira. Amma ba wanda ya ce ya yi sabon Python. Gaɓa huɗu ce: mai yanka rubutu zuwa kalmomi, mai jera kalmomin bisa nahawun harshen, mai fitar da baitkod, da zagayen da ke aiwatarwa. Harshen da ke da lamba, rubutu, "idan", "maimaita" da fankshin ya isa furojet, kuma aikin samista ne ga wanda ya fara da wuri. Wanda ya bari sai saura mako uku, ko na hostal ɗin ma sai dai ya saya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, to canza "if" zuwa "idan" shi ne bincike? A'a, shi kaɗai ba komai ba ne, na yarda. Amma ku zauna ku fara, za ku ci karo da tambayoyin da babu amsarsu a handawut ɗin kowa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bait biyu yake ci a UTF-8, don haka mai yanka kalmomin da ke tafiya bait-bait zai tsinke sunan bariyabul a tsakiya in ba ka shirya masa ba. Ga wadda ta fi daɗi: kana son bariyabul mai suna 'ya'ya. Alamar da ke gaban y ɗin ita ce yawancin harsuna ke buɗe rubutu da ita. Injinka zai ɗauka zance ka buɗe. Za ka hana amfani da ita wajen buɗe rubutu ne, ko za ka bi 'yan uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ harafi guda? Ko za ka karɓi duka biyun ka ɗauke su suna ɗaya? Wannan babi na uku ne na gaske, wanda za ka tsaya gaban malamai ka kare shi ba tare da gumi ya jiƙa maka riga ba, domin kai ka yanke hukuncin kuma ka san dalili.

Abin da ya fi ƙona min rai a daren nan ba jahilcin ba ne, dukkanmu da shi muka fara. Dariyar ce. Mun mayar da ita al'ada, duk wanda ya ɗaga kai zai yi abin da ya fi na jiya sai mu ja shi ƙasa da sunan muna tausayinsa. Gobe kuma mu ne a nan muna rubuta dogayen koke cewa Arewa an bar mu a baya a harkar fasaha. Ba wanda ya zo daga Legas ko Landan ya hana yaron nan. Abokansa uku ne, da amsar jarrabawar da ba su taɓa gwadawa ba.

Ƙanina, na san kana karanta wannan. Ba a rufe karɓar take ba tukuna. Ka je wajen sufabaizanka da shafi ɗaya: ga kalmomin harshen, ga umarnin injin guda ashirin, ga abin da ba zan taɓa ba. Malami ya fi saurin yarda da ɗalibin da ya san iyakar aikinsa. In ya ce a'a, ka bi abin da ya ce, ka yi naka a gefe, ba a buƙatar sa hannun kowa kafin a buɗe laftof. Ni kuma na yi alkawari duk Asabar bayan La'asar zan zauna da kai mu duba inda ka kai. Abokan naka ma su zo, kuɗin shayin a kaina. Duk mai sha'awa, mace ko namiji, ya yi min magana ta inbos mu ga yadda za a tsara.

Sauran ku kuma, kafin kowa ya zo ƙasa ya ce min Python ba a kwamfail ɗinsa, ya fara yin gwajin bakar nan da ba a rufe ba, ya ɗauko hoton abin da ya gani ya liƙa. Wanda kuma ya ga inda na yi kuskure ya gyara min, ɗalibi ne ni kamar kowa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba masu difens sa'a.